Kafin ka kai miliyoyinka Alaba sayen kayan sauti

 Yau maganata a kan wata gasa ce da ta shigo tsakanin samarinmu 'yan kasuwa. Da zarar Allah Ya buɗa wa mutum, sai ya raina tsohuwar Kenwood ɗin da ya gada wajen yayansa, ya nufi kasuwar Alaba da ke Ojo, ya ce a haɗa masa kayan sauti irin wanda babu a layinsu. Ni ban ce laifi ba ne, guminka ne. Abin da nake cewa shi ne, yawancinmu muna fara sayayyar ne daga inda ya kamata a ƙare.

Farkon abin saye wuta ce, ba sifika ba. Tun 2013 Ikeja Electric ke ba mu wuta, ko da yake har gobe NEPA muke cewa, kuma kowa ya san yadda take. A ƙa'ida bolt 230 ya kamata ta zo, amma wani dare ko fanka da ƙyar take juyawa, in an ɗauke kuma a dawo da ita da ƙarfi kamar an yi fushi. Amfilifaya mai tsada, Marantz ce ko Denon ko Yamaha, ba ta jure wannan wasan. Don haka in kana da miliyan biyar, a ganina ka ware miliyan guda ko fiye ga sitabilaiza ta kirki da inbata mai ba da tsaftatacciyar wuta. Inbata mai araha da ƙaramin janareta su ne ke sa ka riƙa jin wani gurnani a sifika ko ba ka kunna komai ba. Sannan in tokumbo za ka saya, ka juya bayanta ka karanta. Kayan Amurka bolt 120 suke ci, na Japan 100. Ka jona kai tsaye ba taransifoma mai rage wuta, hayaƙi za ka gani, kuma mai shago ba zai karɓa ba.

Sai maganar wat, inda aka fi cin kuɗinmu. Za ka ga an rubuta 5,000W baro-baro a jikin kwali, a gefe da ƙananan haruffa an sa PMPO. Wannan lambar talla ce kawai. Wadda za ka tambaya ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a ɗore. Kuma ko ita ɗin, ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninku. A falo irin namu, wat 50 zuwa 100 na gaskiya a kowace sifika ya isa har ya yi yawa. Kuɗin da za ka zuba a wat, gara ka zuba shi a sifiku biyu masu kyau, su fi maka guda bakwai na roba masu fitilu.

Ɗakin ma yana cikin kayan. Tayil a ƙasa, bango tsirara, sauti sai ya yi ta dukan bango yana dawowa, ka rasa me mawaƙi ke faɗa. Kafet mai kauri da labule masu nauyi, da janye sifiku daga jikin bango kaɗan, suna gyara abin da wayar jonawa mai tsada ba za ta gyara ba.

To wai ma me za ka saurara? Nan ne abin ke ba ni dariya. Mutum ya kashe miliyoyi, sannan ya kunna waƙar Shata ko Ɗanƙwairo da aka kwafo daga kaset, aka matse ta, ta bi WhatsApp goma kafin ta iso wayarsa. Kaya masu kyau ba sa rufa wa irin wannan asiri, tona shi suke, duk shuuu ɗin kaset sai ya fito fili. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, ba za su sake shiga situdiyo ba. Wanda ke da kuɗi kuma yana son su da gaske, ya nemi tsofaffin faifai da kaset na asali a hannun dattawanmu, ya biya a juye su da kyau. Ranar da ka ji kalangu ko kuntigi daga asali mai tsafta, za ka san inda kuɗinka ya tafi.

Abin da ya fi damuna kuwa maƙwabta ne. Yawancinmu gidan haya muke, bango ɗaya da Bayarabe ko Ibo, kuma dukan ganga mai kauri da babbar sifikar ƙasa ke fitarwa ba ya sanin bango, ratsa shi yake. Hukumar LASEPA ta jihar Legas tana rufe wuraren shaƙatawa, har da coci da masallaci, saboda ƙara. Amma tun kafin hukuma, akwai sunanmu. Iyayenmu sun fi shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataucin goro, kuma da haƙuri suka samu wurin zama. In yaro ɗaya ya hana layi barci, ba za a ce wane ne ba, cewa za a yi Hausawa ne, ƙarshe a kai ƙara gaban Sarkin Hausawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Mai son kiɗan dare ya ƙara da abin sawa a kunne mai kyau cikin lissafinsa.

In ka je Alaba, ka tafi da waƙa ko karatun da kunnenka ya haddace. Mai shago zai ƙure murya don ya burge ka. Ka ce masa, oga, rage, ka saurara a ƙasa-ƙasa kamar yadda za ka ji a ɗakinka bayan isha'i. In kalmomi sun fito tar a haka, sai a fara ciniki, kuma a rubuta maka garanti a rasit kafin a ɗaure kwali.