Gyara ƙota kafin ruwa ya sauka

Ɗan'uwa manomi, yaushe rabonka da duba ƙotar hauyarka? Nan Kornaka, kowa na kai baƙin ƙarfe wurin maƙeri a wasa shi. Ƙota kuwa, ba mai kula ta. Alhali ita ce hannu ke riƙe da ita tun safe har azahar.

Masassaƙi bai san hannunka ba. Ya sassaƙa aduwa ne don kowa da kowa. Sauran aikin naka ne. In ta yi kauri, rage ta da wuƙa. Kankare ƙaiƙayin da fasasshiyar kwalba, ka shafa man gyaɗa. In tana zamewa, naɗa mata fata. Wasu na naɗa robar taya, amma ni ban so: tana tara zufa, tana ƙona tafi.

Kar ka ce wanga ƙaramin abu ne. Bororo ya fashe lokacin noman farko, kwana nawa za ka yi zaune? Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa, sai ta danne hatsi.

Matarka fa, da ke noman gamanarta da tsohuwar hauyarka? Hannunta bai kai naka ba. A sassaƙa mata tata.