Wa Zai Biya Kuɗin Asibiti? Sharaɗin Inshorar Lafiya a Bizar Ƙaura Zuwa Amurka

Ranar Asabar 2 ga Nuwamba 2019, saura kwana ɗaya wani sabon sharaɗin biza ya fara aiki a ofisoshin jakadancin Amurka na duniya baki ɗaya, sai wani alƙalin kotun tarayya a birnin Portland na jihar Oregon, Michael Simon, ya ba da umarnin a dakatar da shi. Sharaɗin ya fito ne daga wata shela mai lamba 9945 da Shugaba Donald Trump ya sanya wa hannu ranar 4 ga Oktoba na wannan shekarar. Abin da ta tanada shi ne, duk mai neman bizar ƙaura, wato bizar da ke kai mutum ga katin zama na dindindin da aka fi sani da girin kad, sai ya gamsar da jami'in biza cewa zai samu inshorar lafiya cikin kwana 30 da shigarsa ƙasar, ko kuma yana da dukiyar da zai iya biyan kuɗin jinyar da ake iya hangowa.

Shelar ba ta taɓa aiki ba, kuma Shugaba Joe Biden ya soke ta ranar 14 ga Mayu 2021. Mai karatu na iya tambaya, to mene ne amfanin tono abin da aka binne? Amfaninsa shi ne, tambayar da ta haifi shelar tana nan da ranta, kuma duk wanda ke shirin ɗauko mahaifiyarsa ko matarsa zuwa wata ƙasa zai gamu da ita ta wata fuskar: idan baƙon nan ya kwanta ciwo, wa zai biya? Ra'ayina shi ne kowace ƙasa tana da ikon yin wannan tambaya. Sai dai ana auna adalcin sharaɗi da abubuwa biyu: ko mai nema zai iya sanin farashinsa tun kafin ya shiga layi, da ko abin da ya biya zai saya masa magani ranar da jiki ya ƙi daɗi. Shelar 2019 ta faɗi a duka biyun, kuma faɗuwar tata tana da darasi gare mu.

Gwajin lafiya daban, inshora daban

Mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Gwajin lafiya tsohon sharaɗi ne: kowane mai neman bizar ƙaura yana zuwa wajen likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi, a duba shi don cututtuka masu yaɗuwa irin su tarin fuka, a kuma tabbatar da allurar rigakafinsa. Manufar wannan gwaji kare jama'a daga annoba. Maganar inshora kuwa maganar aljihu ce, kuma asalinta wata ƙa'ida ce da ke cikin dokar shige da fice ta Amurka tun 1882, wadda ta hana shigowar mutumin da ake ganin zai zama nauyi a kan baitulmali.

A 1996 Majalisar Dokoki ta ƙarfafa wannan ƙa'ida ta hanyoyi biyu. Ta farko, ɗan'uwan da ya nemo wa mutum biza sai ya cike takardar rantsuwa ta ɗaukar nauyi, ya nuna cewa kuɗin shigarsa sun kai aƙalla kashi 125 cikin ɗari na mizanin talauci na tarayya. Wannan takarda yarjejeniya ce da kotu za ta iya tilasta a cika, kuma ko aure ya mutu ba ta mutuwa. Hanya ta biyu, an hana mafi yawan sababbin masu girin kad cin gajiyar shirin Medicaid na tarayya, wato inshorar masu ƙaramin ƙarfi, har sai sun shekara biyar. Ashe ke nan tun kafin 2019 akwai shinge biyu. Shelar Trump ta zo ne ta ɗora na uku, ba tare da ta bi ta Majalisa ba.

Hujjar gwamnati

Adalci ya sa a saurari hujjar da aka kawo, domin ba duka ce banza ba. Amurka ba ta da tsarin kiwon lafiya guda na gwamnati da ya game kowa. Mafi yawan ma'aikata suna samun inshora ne ta wurin aikinsu. Amma wata doka ta 1986 ta wajabta wa kusan kowane asibiti ya karɓi wanda ya zo sashen gaggawa, ya duba shi, ya ceto rayuwarsa, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Idan majinyaci ya kasa biya, asarar tana komawa kan asibiti, asibiti kuma ya juya ta kan masu inshora da masu biyan haraji. Shelar ta ce irin wannan jinyar da ba a biya ba ta haura dala biliyan 35 a kowace shekara cikin shekaru goma da suka gabace ta, ta kuma ce baƙin da suka shigo bisa doka sun ninka 'yan ƙasa kusan sau uku wajen rashin inshora.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin teburin biyan kuɗi na asibiti a Kano ko Zinder, yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya domin a haɗa kuɗin tiyata, ya san cewa jinya ba ta taɓa zama kyauta, wani ne dai yake biya. Ita kanta Najeriya ta mayar da inshorar lafiya wajibi a dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayu 2022. Saboda haka ba na cikin masu cewa ambaton inshora ga baƙo ƙiyayya ce. Mai masauki yana da damar sanin yadda za a ɗauki ɗawainiyar baƙonsa.

Inda shelar ta karkace

Matsalar tana cikin jerin inshorar da aka amince da ita. Shelar ta karɓi inshorar wurin aiki, da ta wani ɗan gida da za a iya sa baƙon a ciki, da wadda mutum ya saya da kuɗinsa ba tare da tallafin gwamnati ba, da inshorar gajeren wa'adi ko ta maziyarta mai aƙalla kwana 364. Amma ta ƙi karɓar inshorar da aka saya da tallafi a ƙarƙashin dokar 2010 da ake kira Obamacare, alhali wannan doka da kanta ta ba baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida damar samun tallafin. Majalisa ta buɗe ƙofa, sai shugaban ƙasa ya ce duk wanda ya yi niyyar bi ta cikinta ba zai samu biza ba. Karo da dokar Majalisa na cikin abin da ya sa Alƙali Simon ya tsawaita dakatarwar ranar 26 ga Nuwamba 2019.

A lura da abin da wannan jeri zai haifar. Inshorar da ke ƙarƙashin Obamacare ba ta da ikon ƙin mutum saboda ciwon da ya zo da shi, kuma wajibi ne ta ɗauki kuɗin haihuwa da na magunguna. Inshorar gajeren wa'adi kuwa tana da damar ƙin biyan komai a kan tsohon ciwo, tana kuma iya cire haihuwa daga cikin abin da take biya. Ka ɗauki amarya mai juna biyu da ke shirin tarewa wurin mijinta, ko dattijo mai hawan jini da ciwon suga. Takardar da za ta gamsar da jami'in biza ita ce wadda asibiti zai iya mayar musu ranar da suka buƙace ta. Araha ba ta ado. Idan manufar ita ce rage jinyar da ba a biya ba, tura mutane ga inshorar da ba ta biya hanya ce ta ƙara ta.

Sai kuma batun kwana 30. Wanda ya ci cacar biza daga Nijar ko Ghana ko Kamaru galibi ba shi da aiki a hannu ranar da ya sauka, kuma ko ya samu, doka ta yarda mai kamfani ya jinkirta sa sabon ma'aikaci cikin inshora har kwana 90. Wanda ba shi da inshora sai ya koma ga zaɓi na biyu, wato nuna dukiyar da za ta ishi jinyar da ake iya hangowa. Nawa ke nan? Shelar ba ta faɗa ba. An bar lissafin a hannun jami'in da ba likita ba, wanda zai yanke hukunci cikin ganawar 'yan mintoci ta bayan gilashi. Cibiyar nazarin ƙaura ta Migration Policy Institute da ke Washington ta ƙiyasta cewa sharaɗin zai iya hana mutum 375,000 biza a shekara, kusan kashi biyu cikin uku na masu samun girin kad daga ƙasashen waje. Sharaɗin da zai kayar da mutum biyu cikin uku ya tashi daga tantancewa, ya koma rage yawan baƙi da sunan kiwon lafiya.

Yadda Ingila da Kanada suka yi

Kwatanci zai ƙara fito da abin da nake nufi. Birtaniya ta yi irin wannan tambaya, ta amsa ta da farashi. Tun Afrilu 2015 mai neman bizar zama ta fiye da wata shida yana biyan harajin lafiya tare da kuɗin biza, daga nan ya samu damar amfani da asibitocin gwamnati kamar ɗan ƙasa. An fara da fam 200 a shekara, aka ɗaga zuwa 400 a 2019, sai 624 a 2020, sai 1,035 a Fabrairu 2024, ɗalibai da yara kuma fam 776. Magidanci da matarsa da 'ya'ya biyu masu bizar shekara uku za su biya fam 10,866 gaba ɗaya, tun kafin su hau jirgi. Wannan kuɗi ne mai nauyi, kuma akwai rashin adalci a cikinsa, domin ma'aikacin da ya biya shi zai sake biyan harajin albashi da ake tafiyar da asibitocin da shi. Gwamnatin ma ta amsa wannan suka ta wani ɓangare lokacin da ta cire ma'aikatan lafiya daga biyansa a 2020. Duk da haka, mutum ya san abin da zai biya, ya kuma san abin da ya saya.

Kanada ta bi wata hanyar ga iyaye da kakanni masu doguwar ziyara. Bizar da ta ƙirƙiro musu a ƙarshen 2011 tana buƙatar inshora ta aƙalla dalar Kanada 100,000 mai aiki na shekara guda. Nan ma adadin a rubuce yake, kowa na iya lissafa shi a ɗakinsa. Ba na cewa waɗannan tsare-tsare masu sauƙi ne ga talaka. Abin da nake cewa shi ne ba su mayar da makomar iyali wasan ƙiri-ƙiri da sa'a ba.

Abin da ya rage gare mu

Kada soke shelar ya sa mu saki jiki. Ikon da aka dogara da shi wajen fitar da ita, wato sashe na 212(f) na dokar shige da fice, yana nan daram, kuma Kotun Ƙoli ta fassara shi da faɗi a 2018 a shari'ar hana wasu ƙasashe shiga. A ƙarshen Disamba 2020 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara sun ga cewa shugaban ƙasa yana da hurumin fitar da shelar. Abin da alƙalami ɗaya ya soke, wani alƙalamin na iya maido da shi. Ƙa'idar 1882 kuwa ba ta taɓa gusawa ba: doka ta umarci jami'in biza ya duba shekarun mai nema da lafiyarsa da dukiyarsa da iliminsa.

Ko da babu jami'in da zai tambaye ka, ya kamata ka tambayi kanka. Mahaifiya mai shekara 68 da ɗanta ya samo mata girin kad ba za ta iya shiga Medicare, inshorar tsofaffi, ba sai ta shekara biyar tana zaune a ƙasar, kuma ko a lokacin sai an biya mata kuɗin sashen kwanciya asibiti kowane wata, tun da ba ta yi aikin shekara goma a can ba. Medicaid na tarayya ma akwai shingen shekara biyar, ko da yake wasu jihohi suna cike giɓin da kuɗinsu. Waɗannan shekaru biyar su ne ya kamata iyali su zauna su lissafa tun kafin a cike fom na farko: wace jiha za ta zauna, wace inshora ce ta yarda da ciwon da take da shi, nawa ne mutum zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu, kuma wa da wa za su ɗauki wannan nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu kan ɗauki ranar da aka buga biza a fasfo a matsayin ƙarshen wahala, a yi walima, a yi addu'a. Ga wanda ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi kuwa, alkawarinsa yana farawa ne ranar da baƙon ya shiga ƙasar. Mai raba tsohuwa da maƙwabtanta da jikokinta ya kai ta ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan cinye albashin wata, ya ɗauki amana, kuma inshorar da za ta biya ranar da ta kwanta tana cikin wannan amanar, ko gwamnati ta shardanta ko ba ta shardanta ba.