Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Makanikan Babur



Roƙona ɗaya ne: idan aka turo muku babur ɗin da ya ci wuta, kada ku fara da fenti. Ku fara da firam. Duk inda fenti ya ƙone har ƙarfe ya sauya launi, ku duba walda, ku auna ko ya karkace. Idan akwai alminiyom a jikin babur ɗin, ku sani yana narkewa wajen digiri 660, amma tun kafin nan ya saki, ko da ido bai gani ba. Wayoyi, tiyon mai, robobi, tayoyi da igiyar birki kuwa, a sauya su duka, ban da ɗaure-ɗaure da salatif.

Idan gyaran zai ci kuɗin wani babur, ku faɗa wa mai shi gaskiya. Ɗan acaba rayukan mutane yake ɗauka, don Allah ku duba.

Wassalam.