MAGE BA JARIRIYA BA CE, KU RAGE MATA WANKA

Jama'a yau ba maganar siyasa zan yi ba, ba kuma ta tsadar fetur ba. Maganar mage ce. Na san wasu za su ce Malam ka rasa abin rubutu ne? To ku ɗan yi haƙuri ku karanta, rai ne ya salwanta a gidanmu.

Cikin hunturun da ya wuce 'yar yayata ta tara kuɗinta ta sayi 'yar kyanwa irin ta Farisa, masu dogon gashin nan da ake yayi yanzu a TikTok. Wallahi yarinyar nan tana son magen kamar me. Wata safiya ta ga ƙuma a jikinta, sai ta ɗebo ruwa a roba, ta ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cutar nan da muke sa wa a ruwan wanka, ta wanke ta tas. Kafin la'asar kyanwa tana ta zubar da miyau tana karkarwa, ko tsayuwa ba ta iya yi. Washegari ta mutu. Kwana biyu yarinyar ba ta ci abincin kirki ba. Ba mugunta ta yi ba, rashin sani ne, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da likitan dabbobi ya faɗa mana shi ya sa na ɗau alƙalami. Hantar mage ba irin tamu ba ce, ba ma irin ta kare ba ce. Akwai sinadaran da ba ta iya narkar da su, kamar dangin fenol da ke cikin magungunan goge ɗaki da na wanka. Ga shi duk abin da ka shafa mata a gashi sai ta lashe shi, wato ka ba ta guba a baki ke nan. Haka maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fametirin, yana sa ta farfaɗiya har ya kashe ta. Fiya-fiya da kananzir kuwa ba a magana. Kai, ko farasitamol ƙwaya 1 na iya aika mage lahira.

Tambayar ma ita ce, wa ya ce mage na buƙatar wanka? Allah Ya halicce ta da abin wankanta a baki. Harshenta cike yake da 'yan ƙananan ƙayoyi masu lanƙwasa, shi ya sa yake da kaushi, da shi take taje gashi ta cire datti. Kaso mai yawa na lokacin da idonta biyu a gyaran jiki take ƙarar da shi. Magen gida da kakanninmu suka riƙe don ɓeran rumbu, wa ya taɓa ganin an kai ta bayi da soso? Kuma ba ta taɓa wari ba. Idan ma ka ga mage ta daina lasar jikinta, gashinta ya cukurkuɗe, ba sabulu take nema ba, alama ce ta rashin lafiya, asibiti za ka kai ta.

Ban ce kar a taɓa wanke ta ba ko kaɗan. In ta faɗa cikin baƙin mai ko kwata, ko likita ya rubuta sabulun magani saboda makero, wanda yara kan ɗauka daga jikinta, to a yi. Amma da ruwa mai ɗumi, da sabulun da aka yi don mage, kar ruwa ya shiga kunne da ido, a goge ta da tawul har ta bushe a ɗaki mai ɗumi. Ƙaramar kyanwa kuwa sanyi kaɗai ya isa ya kashe ta.

Ku kuma masu 'yan Farisa, aikinku mataji ne. Kullum sai an taje, in ba haka ba gashin ya dunƙule ya riƙa jan fata, ta kuma haɗiye shi ta yi ta amai. Ku tuna a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato kan haura digiri 40, ita kuma tana cikin bargon da ba ta iya cirewa. Inuwa da ruwan sha sun fi mata ribon da turare. Kuɗin da za ka kashe a hoto, ka kai ta a yi mata allurar rigakafin haukan kare, don mage ma tana ɗauka, kuma cizonta na iya sa wa mutum.

Mu da muka taso muna jin labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta tsare, ya kamata mu fi kowa sanin cewa dabba amana ce. In ba za ka iya ɗawainiyarta ba, bar wa mai ita kayarsa.

'Yar yayata yanzu ta samu wata, irin tamu ta gida, mai ja da fari. Wata 5 ke nan ko ɗigon ruwa bai taɓa jikinta ba, ga ta nan fes, ɓeraye kuma sun yi hijira daga kicin.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin abin da ke ƙarƙashinmu.