Lafiya Uwar Jiki: Jini Yana Ba Da Labarin Ƙoda

Sau da yawa in dattijo ya ga jini cikin fitsarinsa, sai ya ce tsargiya ce. Gaskiya ne tsargiya ta yi yawa a bakin tabki da fadama, amma ta fi kama yara da samari. Wanda ya wuce shekara 50 ya ga jini ba tare da zafi ba, ko ciwon kwiɓi ya ƙi tafiya, ya kamata ya je gidan likita. Wani lokaci sankarar ƙoda ce. Ta fi kama maza, musamman masu shan taba.

Babban maganinta aikin fiɗa ne. Ana cire ƙodar, ko wurin da ya ɓaci. Ƙoda ɗaya mai lafiya ta isa ta riƙe mutum.

Sankara ba duka ɗaya ba ce. Wata tana tafiya sannu, wata kamar wutar daji. Kafin aiki, likita yana so ya san da wacce yake kokawa. Hoto yana nuna girmanta. Jini kuma yana nuna alamar zafinta.

Ana zuba jini cikin siririyar kwalba, a tsayar da ita awa 1. Jajayen ƙwayoyin jini sai su kwanta ƙasa, kamar laka cikin tulu. In sun yi saurin kwantawa, jiki yana fama da wani abu. Akwai kuma awon CRP, wani abu da hanta ke sakowa in jiki yana yaƙi da cuta. An gano shi a Amurka cikin 1930. Ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini ma. Likitoci sun lura cewa in waɗannan awon sun hau ƙwarai kafin aiki, sau da yawa sankarar mai saurin yaɗuwa ce, kuma ta fi dawowa. Irin wannan majinyaci ba a yi masa jinkiri, kuma bayan aiki ana yawan duba shi.

Sai dai awon jini shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, har ƙurji mai mugunya, duk suna ɗaga shi. Saboda haka majinyaci ya faɗa wa likita duk zazzaɓin da ya yi kwanan nan. In an tura shi Yamai, Zinder ko Maraɗi, ya tafi da takardun awonsa duka, har tsofaffin.