Rage Faɗin Gona, Kada Ka Rage Himma

Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin taki da na sufuri suka yi tashin gwauron zabo. A 2025 kuma farashin masara ya faɗi. Manomin da ke riƙe da sana'arsa shi kaɗai, shi ya fi jin jiki.

A ganina, karayar zuciya ta fi tsadar taki ɓarna. Ita ke sa mutum ya sayar da shanun huɗarsa, alhali su ne jarinsa.

Ƙarfin gwiwa kuwa daga lissafi yake fitowa. Idan taki ba zai ishi hekta 2 ba, a noma masara a hekta 1, a ba ta haƙƙinta. A shuka wake ko waken suya a ɗayar, domin saiwoyinsu na tara sinadarin naitirojin da masarar baɗi za ta amfana da shi. A adana wake a buhun PICS mai ruɓi 3 har farashi ya gyaru.

Malaman gona, ku zauna da manomi ku yi wannan lissafi kafin damina. Wanda ya tsare jarinsa bana, shi zai yi noma baɗi.