Tsohuwar Fijo da Suturar Gida

Tun da aka fara harhaɗa motar Fijo a Kaduna a 1975, ƙirar 504 ta zama dokin malamai da 'yan kasuwa. Tsirarun da suka rage tsakanin Shika da Samaru da Sabon Gari, kujerunsu ne suka fi jin jiki. Galibi akan yafa musu ledar roba, wadda kan ƙona cinya da bazara, ta kuma tsattsage ba da jimawa ba.

Alhali kuwa magani yana gida. Mai mota zai farke tsohuwar rigar kujera, ya shimfiɗa ta bisa saƙi ko luru, ya yanka daidai da ita, ya ƙara soso, tela ya ɗinke. Atamfa ba ta da kauri, sai an yi mata shafi.

Masu suka kan ce yadi yana riƙe ƙurar hunturu. Gaskiya ne, amma ai yadi yana wankuwa, roba kuwa in ta tsage sai juji.

Masaƙar Kaduna ta 1957 ta daɗe a rufe. Masaƙan gargajiya da suka saura ciniki suke nema, kuma kowace kujera ciniki ce. Da tsohuwar zuma ake magani.